Zoben Munzir

Munzir ya durƙusa a gaban Awadiyya a tsakiyar kasuwar unguwar Hayyin Ashir a ƙasar Masar, da zobe a hannunsa. Abokansa ɗalibai suka ɗaga wayoyi, masu saye da sayarwa suka zagaye su.

"Awadiyya, za ki aure ni?"

Matan Masar suka rangaɗa guɗa. Wata dattijuwa ta dafa kafaɗarta. "Yalla, 'yata, ki ce e mana!"

Awadiyya ta gyara riƙon ledar tumatirinta. Ta san dabarar. So yake idon jama'a ya ɗaure mata baki.

"Ba zan aure ka ba. Tashi."

Nan take guɗa ta koma gunaguni. Wani ya ce ba ta da imani. Dattijuwar ta ce, "Haba! Namiji ya zubar da girmansa a gabanki, ki kunyata shi haka?"

Awadiyya ko gezau ba ta yi ba. Ta ciro wayarta, ta juya ga masu ɗaukar bidiyo.

"Kada ku kashe, ku ɗauki wannan ma."

Ta buɗe wani saƙo, ta karanta da ƙarfi: "Na sake ki. Ki kwashe kayanki kafin in dawo."

Ta sauke wayar.

"Shekara huɗu ina matarsa. Wannan saƙon ya turo mini ina kwance a asibiti, ranar da na yi ɓari." Ta dubi Munzir. "Tun da taro kake so, ka faɗa musu laifina. Muna jinka."