Wutar Inji Ta Ƙi Mutuwa

"Ta sake kamawa!" na daka wa Bong-sik bakanike tsawa. "Jibi hukuma za ta duba tasin nan. In wutar gargaɗin inji na ci, na bar titi ke nan."

Ya jona na'urarsa, ya yi tsaki. "Matsalar jiya ta nuna, Yaya, jiƙewar waya." Ya sunsuna injin. "Kai kake sha, ko motar?"

Saura kaɗan in mare shi.

Washegari da sassafe na laɓe a lungun gida don in ga mai jiƙa min waya. Sai ga tsohuwata da makullina. Ta buɗe bonet, ta rusuna, tana tuttula wa injin giyar shinkafa.

"Inna!"

"Yi shiru, ɗan nan, tsari nake roƙa maka da hadayar giya. A da kofi ɗaya nake ba motar. Tunda wutar nan ta kama, na mayar da shi kwalba guda."