Minti Huɗu Cikin Tawul

Ma'azu ya sa filaya ya murɗe faifan, ya tsage gida biyu, ya jefa cikin buhu kan 'yan'uwansa. Ƙofar ofishinsa da ke ginin Tianxiu a kulle take, labule a sake, da rana tsaka.

Fim ɗin ba abin arziki ba ne. Irin barkwancin nan ne na marasa jari, wanda ake ɗauka cikin kwana shida a otal ɗaya: gidan tausa, 'yan mata suna guje-guje da guntayen kaya, wannan ya faɗa baho, wancan ya ɓuya ƙarƙashin gado. A tsakiyarsa wani baƙin mutum yana fitowa a matsayin attajirin Afirka, ɗaure da tawul, mata uku na bin sa da man shafawa. Minti huɗu cif. A na huɗun tawul ɗin ya zame.

Ma'azu ne. Shekara uku da suka wuce, yana sabon zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, wanda ya kawo shi ya tsere ya bar shi da yunwa. Mai fim ɗin ya rantse masa ba inda za a nuna shi sai wasu gidajen kallo biyu. Shi kuma ya yarda, don mai jin yunwa ba ya tantance rantsuwa.

Yanzu, a 1998, Malam Ma'azu ake ce masa. Shi ke jan 'yan kasuwa salla a bene. Shi ne wakilin Alhaji Tankari na Kano, kuma mijin 'yarsa Mero. Alhaji kuwa mutum ne da ya kori ɗan ƙanensa daga shago don an gan shi a layin silima. Duk kayan da suka iso masa, kwalin farko a zaurensa ake buɗewa a gwada, gaban malamai da maƙwabta, a sa albarka. Bana injin kallon faifai yake so, guda dubu uku, don faya-fayan wa'azi sun fara shiga kasuwa.

A rumfar Madam Lin, bakin titin Huanshi, ya fara cin karo da faifan fim ɗin. Guda biyar ne, hotonsa a bayan bango bai fi ƙuda ba. Ya kwashe duka. Ta dube shi, ta dubi faya-fayan.

"Mutanenmu ne ke so," in ji shi, don ya fita kunya. "A ƙasarmu ba a kallon komai sai shi."

Ta yi murmushi. Da hira ta kai ga aikinsa, ita ce ma ta ba shi katin yayanta Wu, mai masana'antar haɗa injinan, ga sauƙi ga kyau.

Mako na gaba guda ashirin ya tarar. Ya saye. Sai hamsin. Sai ga su a rumfuna uku, sai bakwai. Yana fasawa suna tsirowa. Ranar wata Talata ya ga an sake bango: fuskarsa ta dawo gaba, faɗin tafin hannu, baki buɗe, tawul a hannun wata.

Tsoro ya shige shi sosai. Lallai wani ya gane shi, kuma da gangan yake yi. Ya fara zargin Shitu, ɗan zangon Kumasi mai ofis kusa da nasa, wanda gaisuwarsa ta ƙara tsawo kwanan nan. Abinci ya daina shiga. Sau biyu aya tana kuɓuce masa a salla, sai daga baya aka ɗora shi. Mero ta tambaye shi a waya ko zazzaɓi yake yi.

Sai kwatsam abin ya ɗauke. Madam Lin ta girgiza kai, ta ce, "Meyo." Babu. Rumfa bakwai ya zaga, ko ɗaya. Wannan ya fi tayar masa da hankali, don abin da ke kan tebur ka san inda yake.

A haka ya je duba kaya a masana'antar Wu. An gwada masa inji ɗaya a kan tebur, kifaye suna iyo tar a talabijin. Kwalaye sun kai rufi, kowanne da jan tambari manne a gefe. Sinancin Ma'azu na baki ne, na ciniki, rubutunsu kuwa sawun kaza yake gani. Ya ɗauka alamar fatan alheri ce, irin ta sabuwar shekararsu. Rabon da ya sa hannu bai farke kwali ba ya manta, amma ranar hankalinsa na titin Huanshi. Ya sa hannu, aka rufe kwantena.

Mako bakwai shiru. Ba faifai, ba wanda ya tare shi da magana. Har ya fara cin abinci, ya nemi gafarar Shitu a zuciyarsa.

Ranar wata Asabar da yamma waya ta yi ƙara. Alhaji ne, can Kano hantsi.

"Malam Ma'azu, Allah ya yi maka albarka. Kaya sun iso lafiya. Ga malamai sun taru, har Mero ta zo gani. Bari a jona wuta, zan kira ka."

"Allah ya ƙara girma, Baba."

Yana ajiye waya Wu ya shigo da gwangwanin shayi a hannu, ya zo neman sabon ciniki. Ya zauna yana fara'a, ya tambaya ko kyautar ta yi wa mutanen Ma'azu daɗi.

"Wace kyauta?"

"Ba ka karanta jan tambarin ba, maigida?" in ji Wu. "Ƙanwata Madam Lin ta ce ƙasarku ba a kallon komai sai fim ɗinka, shi ya sa muka yi ta bugawa. Na sa ɗaya a cikin kowane inji, da an jona wuta zai fara da kansa."