Kwanar da Baba Bai Taɓa Shiga Ba

"Ku rufe ido, ni zan kai ku bakinsa," in ji Baba da muka sauka a Grand Canyon, bayan kwana uku muna tafe daga Ohayo a tsohuwar motarmu.

Shekara ashirin yana jan babbar mota yana ratsa jihar Arizona ta Amurka. Duk dawowarsa sai ya ba mu labarin wannan makeken kwazazzabo: duwatsu jajaye kamar garwashi, kogi can ƙasa siriri kamar zare. Tun ina marmari har na gundura.

Na rufe ido don kada a ce na ɓata tafiya. Ya kama hannuna, ya kama na ƙanwata. Taku biyar muka yi, ya kai mu muka yi karo da kwandon shara.

Na buɗe ido. Ashe nasa ma a rufe suke gam.

"Baba, makaho da jan makafi? Kai da ka zo nan sau ɗari!"

Mama ta yi dariya tana share hawaye. "Sau ɗari ya wuce kwanar wurin, 'yata, bai taɓa shiga ba. A katunan da ake sayarwa a gidan mai yake ganin hotonsa."

"Cewa na yi ba zan riga ku gani ba," in ji shi, ido a rufe. "To, wa zai kai ni?"

Na gyara riƙon hannunsa. "Taho a hankali, Baba."

Na kafe idona a kan takalmana, kada in riga shi gani.