Akun Amana a Gidan Mahauci

Ka ce kai dai da kyakkyawar niyya ka yi abin da ka yi. To, bari in ba ka misali, ka auna da kanka.

An yi wani mahauci mai sakin hannu, wanda ba a shiga gidansa a fito da busasshen baki. Yana da kare da ke gadin ragunansa, da kyanwa da ke tsare masa ɗakin ajiya daga ɓeraye. Kullum in ya taso daga kasuwa sai ya zo da guntattakin nama da kitse da tumbi, a tafasa su a tukunya ɗaya da gishiri da albasa, a haɗa da ragowar tsiren da ya kwana, a juye wa kare da kyanwa a kasko. Duk unguwar babu dabbobi masu sheƙin jiki kamar nasa, kuma yana alfahari da hakan. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da wani tsohon direban babbar mota, wanda ya ajiye tuƙi tun da idonsa ya fara yana. Matar tsohon ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, abokin hirarsa a gidan sai wani aku mai ruwan toka da jan wutsiya, wanda ya sayo a kurmi shekara goma sha bakwai baya. Akun ya iya sallama, ya iya tarin maigidansa, ya iya ƙarar birkin mota har yakan razana baƙo. Da 'yar tsohon ta zo ɗaukarsa zuwa garin da take aure don a yi masa aikin ido, sai ya kawo kejin da kansa, yana lalube, ya damƙa wa mahauci. Ya ce a ba shi gero da ɗanyar masara, da gwaiba ko gwanda in an samu, gyaɗa kaɗan, ruwa kuma a canza kullum. Mahauci ya ce an gama. Amma a ransa ya ji abin ya yi masa ƙaranci. A gidan da kare ke cin nama, a ce baƙo na amana yana tsattsagar gero kamar kazar talaka?

Kwana huɗu ya bi umarni. A na biyar aka buɗe wa aku keji ya miƙe ƙafa, sai ya tako a hankali har bakin kaskon kare, ya sa ƙafa ya ɗauki guntun kitse, ya riƙe yana ci yana karkata kai. Mahauci ya yi dariya har da tafi. Daga ranar aka daina auna gero, aka riƙa ɗebar wa aku nasa rabon daga tukunya ɗaya da kare da kyanwa, har ma a zaɓar masa inda ya fi maiƙo. Matar mahauci ta ce masa ba haka mai abu ya ce ba. Ya ce, "Da yana cutar da shi ai da bai ci ba." Aku kuwa ya ci, ya ƙara, har ya kai in an sa masa gwaiba sai ya ture ta ƙasa. Sati uku ya yi nauyi, mahauci yana nuna wa abokansa yadda baƙo ya murmure a hannunsa. Sannan gashin ya dusashe. Ya riƙa shan ruwa kamar wanda ya dawo daga noma, kashinsa ya tsinke, yatsunsa suka kumbura har ya kasa riƙe sandar da yake tsayawa a kai, ya koma zaman ƙasan keji. Sallama ta ɗauke, tarin ma ya ɗauke. Mahauci ya ƙara masa nama, don a saninsa nama ke tayar da marar lafiya. Sai da akun ya kwana biyu bai taɓa komai ba ya naɗe kejin da zane ya kai wa likitan dabbobi. Likita ya shafa ƙirjin tsuntsun, ya duba ƙafafun, ya tambayi abin da yake ci. Da ya ji, ya ce loma ɗaya da aku ya sata a kaskon kare da wuya ta kashe shi, amma wata biyu na kitse da gishiri da albasa sun fi ƙarfin hanta da ƙodar tsuntsun da aka halitta don 'ya'yan itace da ƙwayar hatsi. Ya ba da magani, bai yi alkawari ba. Aku ya mutu saura kwana uku maigidansa ya dawo.

Da tsohon ya dawo, mahauci bai aiki kowa ba, da ƙafarsa ya shiga wurinsa, ya durƙusa ya faɗi komai bai rage ba. Ya ce wallahi mafi kyawun abin da ke gidansa ya ba shi. Tsohon ya ce, "Na sani. Ai shi ya sa na kasa yi maka faɗa." Ba su ɓata ba, suna gaisawa har yau. Sai dai gidan tsohon ya yi tsit, irin shirun da maƙwabci ke ji ta bayan katanga. Kare da kyanwa kuwa suna nan a kan tukunyarsu, ko mura ba su yi ba.

Niyyar mahauci ba ta da aibi, kuma naman nasa ba ruɓaɓɓe ba ne. Bai dai tsaya ya tambayi cikin wa zai shiga ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, abincin wani gubar wani.