Fuskar Baba a Shafi na Tara

Tana shigowa ta ɗauke saurayinta da mari, ta wurga masa sabon littafinsa na labarin zane. Kwalbar tawada ta tarwatse, ta malale aikin wata guda.

"Mugun da aka fille wa kai a shafi na tara, Babana ne. Har tabon goshinsa ka zana."

Mai zanen ya dafe kunci, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ya hana ni ke, ya kore ni kamar kare. Hannuna ne ya rama mini."

Ta zare zoben da ya ba ta, ta jefa cikin tawadar.

"Kowa ya san kamarmu ɗaya da shi. Ranar da na ɓata maka rai, a wane shafi za ka yanka ni?"