Allon da Malam Ya Ture

"Wanga shirme ba aikin hannuna ba ne!" Malam ya daka tsawa, ya ture allon zayyanar har ya faɗi gaban alƙali.

Wani attajirin Zurmi ne ya kai ni ƙara sabuwar kotun shari'a a Kaura, wai na sayar masa da aikina da sunan malamina. Aka ɗauko tsohon ya tantance, aka ajiye masa wanda na sayar da wani daga rumfata.

Ya ɗaga na biyun sama. "Ga nawa nan! Ku dubi layi, ku dubi zubin ja da kore. Yaron ga ko ya shekara ɗari bai iya wannan."

Jama'a suka yi ta yi mini tir. A gabana Malam ya zana na farkon da daminar bara, tawada tana ɗiga masa saboda tsufa. Wanda yake yabo, ni na zana shi.

"Kana da magana?" in ji alƙali.

Na dubi Malam riƙe da allona, na ga gara in sha kunyar da in tona masa asiri.

"Allah ya gafarta, babu."