Zabon Meksiko

Ɗangana ya dire zabon katakon a tsakiyar tabarma, ya hana kowa taɓawa. Ja ne da shuɗi, da ɗigo-ɗigon fari har ƙafa, wuyansa ya ɗan karkata hagu. A wani kanti ya saye shi a Yamai, mai kantin kuma ya rantse masa daga Meksiko ya zo, ƙasar da ƙauyawa ke sassaƙa, Turawa na rububin saye.

Ɗangana shi ne sarkin samarin Tama, ko da yake furfura ta gama da gemunsa. Ana shirin gasar kayan gargajiya a Buza, kwamanda mai mulkin yankin ya yi alkawarin rumfa a kasuwa ga gwanin da ya ci. Tukwanen Cima maginiya, irin waɗanda garin ke shan ruwa a ciki tun kaka da kakanni, kallo ɗaya Ɗangana ya yi musu ya ce ba su da launi.

Sai ya aika a kira Iro masassaƙi, mijin 'yarsa. Iro ya ƙwallafa rai a rumfar nan, don ya gaji da barin iyali kowace rani yana tafiya Abijan neman aiki. Ya durƙusa nesa, kai a ƙasa, yadda suruki ke yi. Da ya ga zabon, sai ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna gaban wanda yake, ya rufe.

Aka umarce shi ya kwaikwaya. Ya ɗauki gizago da hannunsa na hagu, ko sake duban samfurin bai yi ba. Ya kawo na farko, Ɗangana ya ce wuyan ya karkace. Wani dattijo ya nuna cewa na kantin ma haka yake.

"Wanga da ilimi ya karkace," in ji Ɗangana. "Nashi ko da ƙauyanci."

Na biyu da na uku ma aka watsar. Iro bai yi musu ba. Wa ke musu da uban matarsa?

Ranar gasa Ɗangana ya naɗe zabon kanti cikin rawani, ya kai Buza, ya dafa ƙirji gaban alƙalai ya rantse cewa aikin surukinsa ne, ɗan Tama. Zabon ya ci, rumfa ta zama ta Iro.

Har ya tsufa Ɗangana na ba da labarin a ɓoye, yana dariya, yadda ya yi wa kwamanda da alƙalansa wayo. Iro na jin sa daga bakin zaure, ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru, a bayan wani shago a Abijan, shi Iro ne ya yi ta sassaƙa wa wani ɗan kasuwa zabin da ake sayarwa da sunan na Meksiko, kuma a duk zamanin sarautar Ɗangana rantsuwar Buza ce kaɗai ya yi a kan gaskiya.